Dagona ko Baturiya, kuma a wane wata?

Sabon_Shiga: Assalamu alaikum 'yan zaure. Mu shida ne muke shirin zuwa kallon tsuntsayen da ke zuwa daga Turai a dausayin Haɗejiya da Nguru, kuma kwana uku kacal muke da su. Kai ya rabu. Wasu sun ce mu tafi cikin Satumba lokacin da ruwa ya cika ya batse, wai inda ruwa ya fi yawa nan tsuntsu ya fi yawa. Wasu sun ce sai Janairu. Ga kuma maganar wuri, Dagona ko Baturiya? Masana a taimaka dalla-dalla, har da kayan da za mu riƙe.

Mai_Madubi: Wa'alaikumus salam. Ƙanena, ku cire Satumba daga lissafi. A watan nan kogin Haɗejiya da na Jama'are sun tumbatsa, ruwa ya malale fadama, ciyawa ta fi mutum tsayi, hanyoyin ƙauyuka da yawa mota ba ta bi. Tsuntsun gida ya warwatsu, na Turai kuwa lokacin suka fara sauka ɗai-ɗai. Janyewar ruwa ce ke tara tsuntsu. Daga Nuwamba ruwa yake komawa, ya bar tafkuna da taɓo a gefe, kowa ya taru a kan abin da ya rage. Tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Fabrairu kasuwar take cika. Shi ya sa ma ake yin ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya a tsakiyar Janairu.

Malam_Lissafi: Ɗan gyara kaɗan, Malam Mai_Madubi. Ba don ruwan Nguru aka sa ƙidayar a Janairu ba. Ƙungiyar Wetlands International ce ke tsara ta a ƙasashe da yawa lokaci guda, kuma an zaɓi Janairu ne don a lokacin yawancin tsuntsayen sun zauna, ba sa kan hanya. Da a Oktoba ake yi, garken da aka ƙirga a wata ƙasa yau sai a sake ƙirga shi a wata ƙasar mako mai zuwa. Sauran bayaninka daidai ne.

Yar_Gashuwa: Na yarda da Janairu, amma kada ku riƙe kalanda ku saki ruwa. Tafkin Dagona tsohon hannun kogi ne da ya yanke ya zama tafki, kuma ƙarami ne, abin da aka yi wa rajista a yarjejeniyar Ramsar, ta kare dausayoyin duniya, a 2008 hekta 344 ne. Shekarar da ambaliya ta yi ƙarfi yakan riƙe ruwa har bazara. Shekarar da ta yi rauni kuwa, kafin Fabrairu sai ka tarar da fashasshen taɓo da sawun shanu, agwagin sun koma wajen Nguru. Kafin ku biya kuɗin mota ku kira wanda ke can, kuma kada ku tambaye shi "akwai tsuntsaye?" don kowa "akwai" zai ce. Ku tambayi inda bakin ruwa ya tsaya, ko ya bar gindin itatuwa. Ku tambaya ko kwalekwale na tafiya ko sai an sauka an tura. Ku tambaya ko an gama yankan shinkafa, domin gonar da aka yanke mai ɗan ruwa a ƙasa ita ce wurin kiwon masu dogon ƙafa.

Dan_Kirikasamma: Baturiya mana! Ina Dagona ina Baturiya wajen girma? Sama da hekta 100,000 ke cikin rajistar Ramsar. Ga daji ga ruwa.

Yar_Gashuwa: Yaya, girman nan shi ne matsalar mai kwana uku. A Dagona za ka tsaya wuri ɗaya ka ga rabin tafki. A Baturiya in ba ka da ɗan jagora wanda ya san tafkin da ke da ruwa a makon nan, yini za ka yi kana zagaye cikin goruba.

Dan_Kirikasamma: To a nemi jagoran. Abin da nake nufi, wanda ya tsaya kan agwagi kaɗai ya bar rabin baƙin Turai a baya. Kurmin bagaruwa da ruwa ke kwanciya a gindinsa, nan kurciyar Turai ke kwana. Ana gane ta da bayanta mai ruwan ƙasa-ƙasa da ɗigon baƙi kamar sulke, da zanen baƙi da fari a gefen wuya. Da rana tana kiwo a gonaki, sai dab da magariba take dawowa garke-garke, don haka ka samu fili a gefen kurmin tun bayan la'asar ka zauna. Sannan kada ka wuce gawo ba ka ɗaga kai ba. Gawo da rani yake ganye, lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, don haka ƙwari na taruwa a kansa, ƙananan tsuntsayen Turai masu cin ƙwari su bi su. Minti goma sha biyar a gindin gawo ɗaya ya fi tafiyar kilomita biyu. A kan ƙaya kuma, can ƙololuwa, ka nemi wani mai jan ƙeya da baƙin zane a ido kamar ya sha kwalli, yana zaune a sarari yana jiran fara.

Hajiya_Uwar_Tafiya: Ku bar gardamar wuri tukuna, yaran nan ba su ji maganar izini ba. Dagona na cikin ɓangaren Bade da Nguru na Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi, ba a shiga sai da izinin hukumar gandun, kuma da ma'aikacinsu za ku shiga. Baturiya na Jigawa, tana cikin wuraren da gwamnatin tarayya ta amince a mayar gandun ƙasa a 2020, don haka ku tambayi wanda ke ba da izini yanzu kafin ku tashi. Ko da takarda a hannu, ku fara zuwa gaida Bulama ko Lawan, in za ku hau ruwa ku gaida Sarkin Ruwa. Baƙi shida da madubai a wuya suna leƙen gonakin mutane ba sallama, ai kun san abin da za a zata. Ku kuma tambayi lafiyar hanya a makon tafiyar, kada ku yi dare a kan titi.

Sabon_Shiga: Mun gode Hajiya. Maganar madubi fa? Akwai wani a kasuwa an rubuta 20x50, mai shi ya ce ya fi kowanne ƙarfi.

Mai_Madubi: Bar masa kayansa. Lambar farko ita ce sau nawa yake kusanto da abu, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita. Duk abin da ya wuce 10 hannu ba ya iya riƙe shi ba rawa, a cikin kwalekwale kuwa ko 10 ɗin wahala ce. Ka nemi 8x42. Raba 42 da 8, ka samu 5 da 'yan kai, wannan ne faɗin hasken da ke shiga idonka. Na 20x50 biyu da rabi yake bayarwa, da asuba duhu za ka gani, alhali asubar ce lokacin aikin.

In ka saya, ka daidaita shi da idonka sau ɗaya. Rufe gilashin dama da tafin hannu, ka kalli wani rubutu mai nisa, ka juya dabaran tsakiya har idon hagu ya gani tar. Sai ka rufe na hagu, kada ka sake taɓa dabaran, ka juya zoben da ke kan idon dama har shi ma ya washe. Wanda bai yi wannan ba shi ne ke kukan ciwon kai bayan awa ɗaya. Kafin ka biya kuɗi kuma ka kalli wayar lantarki da shi. In ka ga waya biyu, ko idonka na ja, madubin ya taɓa faɗuwa, cikinsa ya goce.

Ƙurar hunturu yashi ce. Kada ka goge gilashi da bakin riga, karce shi za ka yi. A hure ƙurar tukuna, a share da burushi mai laushi, sannan a sa ƙyallen tabarau.

Kirinjijiya_77: A ƙara da wannan: babban madubi mai ƙafa uku, wanda ke kusantowa sau 20 zuwa 60, guda ɗaya ya ishe ku ku shida. Amma daga ƙarfe goma na safe iska mai zafi kan fara rawa a kan ruwa, in ka murɗa shi zuwa 60 sai ka ga komai na narkewa. Ka tsaya a 20 ko 30. Ranar da hazo ya sauka sosai kuwa babu madubin da zai cece ka, sai dai ka matsa kusa ko ka koma daji. Wannan ne aibin Janairu da ba a faɗa muku ba.

Baba_Masunci: Ni tambaya gare ni. Kuna ta cewa tsuntsun Turai, tsuntsun Turai. Shamuwa ma ai tafiya take ta dawo. Ita ma 'yar Turai ce?

Malam_Lissafi: Allah ya ja kwana Baba, shamuwa 'yar Afirka ce. Tana zuwa mana gab da damina, ta yi sheƙa a kan itatuwan gari, in ruwa ya ɗauke ta gangara kudancin Afirka. A Janairu ba za a same ta ba. Wanda ke zuwa daga Turai da rani shi ne galantoyi: ya fi ta girma, jikinsa fari, gashin fiffike baƙi, baki da ƙafa ja. Shamuwa kuwa baƙa ce mai farin ciki. Kusan musayar wuri suke yi, tana fita yana shigowa.

Kirinjijiya_77: Tunda an zo sunaye, ga yadda sabon shiga zai raba agwagin, don nan ake yawan kuskure. Fara da 'yan gida. Kirinjijiya doguwar wuya ce, tana tsayuwa a miƙe a bakin ruwa, fuskarta fara, in ta tashi tana fito mai gaɓa uku. Dinya ba ta ɓuya, ta fi kowa girma, baƙa da fari, jan baki. In ka cire waɗannan, ƙananan da ke kwance plat a kan ruwa can tsakiya su ne baƙin.

Mafi yawa a cikinsu ita ce wadda littattafai ke kira gargani. Hoton da za ka gani a littafi namiji ne mai farin zane daga ido ya lanƙwasa zuwa ƙeya. Matsalar ita ce a Disamba da farkon Janairu maza da yawa ba su gama sauya gashi ba, sun yi kama da mata, ruwan ƙasa kawai. Sai wajen Fabrairu zanen ke fitowa sosai. Kafin nan ka jira su tashi: gaban fiffiken namiji toka-toka ne mai haske. Ba sai ka tashe su ba, akwai wani shaho na fadama da ke shawagi ƙasa-ƙasa a kan ciyawa, fikafikansa a ɗage sama kaɗan, shi zai yi maka aikin. Mai tsinin wutsiya ta fi gargani girma, wuyanta siriri, namijin na da farin layi da ya hau gefen wuya. Mai bakin ludayi kuwa bakin ya ishe ka shaida ko daga nesa.

A taɓo da gonakin shinkafa za ka ga garken wani mai matsakaicin baki, ƙaramin kai, da tumbi, ana kiransa raf. Kada launin ƙafa ya ruɗe ka, wani ruwan lemo, wani kore-kore. Kada girma ma ya ruɗe ka, namiji ya fi mace nesa ba kusa ba, har sabon shiga ya rubuta su iri biyu.

Mai_Madubi: Wannan magana ta gargani hujja ce ga mai son farkon Fabrairu. Hazo ya fara sauƙi, maza sun yi ado.

Yar_Gashuwa: In ruwan ya kai Fabrairun ba. Mun dawo inda na tsaya.

Injiniya_Ruwa: Dalilin da ya sa 'yar'uwa ke ta nanata ruwa, bari in faɗa. Ambaliyar dausayin nan ba ta ruwan sama kaɗai ba ce yanzu. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan kogin Haɗejiya ya koma hannun masu sakinsa. Ambaliyar damina ta ragu, sannan ana sakin ruwa da rani, sai wasu magudanu suka daina bushewa sam. Ciyawar kacala kuwa abin da take so ke nan, ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Ta toshe magudanu, laka ta taru a gindinta, ruwa ya karkata wajen magudanar Marma da tafkin Nguru, wasu wuraren da ke samun ruwa a da suka koma tsandauri. Kogin Jama'are ba shi da babbar madatsa a kansa, don haka shi ke kawo ambaliyar gaske wajen Gashuwa. Ga mai kallon tsuntsu ma'anar ita ce: wuri na iya cika da ruwa amma babu abin gani, don kacala ta rufe shi ruf. Agwagwa buɗaɗɗen ruwa take so, masu dogon ƙafa taɓo suke so. Ku tambayi inda aka yanke kacala kwanan nan.

Manomin_Guri: Kacalar nan kuma ita ce ɗakin kwanan tsuntsayen jan baki. Ku masu madubi kuna murna da tsuntsu, mu muna kwana a gona da gwangwani da majajjawa. In an zo feshi da jirgi kuma ku ce an kashe tsuntsaye.

Likitan_Dabbobi: Malam, babu mai musun ɓarnar jan baki, garke ɗaya na iya tashin gonar shinkafa ko gero. Abin da ake faɗa shi ne maganin da aka saba fesawa, fentiyon, ba ya tantancewa. Yana kashe duk abin da ya kwana a wurin, shaho da mujiya da suka ci gawar su ma su bi. Shi ya sa ake cewa a tabbatar da matattarar tukuna, a fesa daidai kanta da magariba bayan sun sauka, a nisanci buɗaɗɗen ruwa, a kuma kwashe gawar. Rage kacalar ma rage jan baki ne, a nan bukatarku da ta masu madubi ɗaya ce.

Ga masu tafiya kuma, abu biyu. Kada ku shiga ruwan nan da ƙafa ba takalmin roba mai tsayi. Katantanwar da ke ɗauke da tsargiya na zaune a ruwa mai kwanciya da ciyawa, ƙwayar kuma ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Wanda ya jiƙe ya goge jiki nan take, in ya ga jini a fitsari bayan makonni ya je asibiti ya faɗi inda ya je. Na biyu, in kun ga matattun tsuntsaye da yawa wuri guda kada ku taɓa, ku ɗauki hoto daga nesa ku sanar da ma'aikacin gandu ko ofishin dabbobi. Murar tsuntsaye ta shigo Najeriya tun 2006. Mai kaji a gida ya wanke takalminsa kafin ya shiga akurki.

Manomin_Guri: To a zo a taya mu yankan kacalar, ba a tsaya ɗaukar hoto ba.

Baba_Masunci: Kwalekwale: mutum uku da matuƙi ya isa, kada ku cusa shida. Ba a miƙewa tsaye don an ga tsuntsu. Ku sa rigar da ke hana nutsewa. In kun ga gura ko raga a ruwa ku kauce, abincin wani ne. Da asuba sanyin kan ruwa ya fi na tudu, ku riƙe rigar sanyi. Ku yi ciniki da awa tun a gaɓa, ku gaya wa matuƙi ba sauri kuke so ba, don shi ya saba kai mutum ƙetare ne.

Malam_Lissafi: Tunda ku shida ne, kada ku dawo da hotuna kaɗai, ku ƙirga. Ba a ƙirga babban garke ɗaya-ɗaya. Ka ƙirga goma daidai daga gefe, ka riƙe faɗin da suka ci a idonka, ka auna shi sau biyar ya zama hamsin, sannan ka bi garken da ma'aunin hamsin har ƙarshe. Mutum biyu su yi kowa shi kaɗai ba tare da faɗa wa juna ba. In bambancinsu ya wuce ɗaya cikin goma, a sake. Kusan kullum ido rage cunkusasshen garke yake yi, don na baya sun ɓuya a bayan na gaba. In garken gauraye ne, ka ɗauki jimilla tukuna, sai ka tantance ɗari-ɗari a wuri uku. Misali jimilla 2,000, a kowane ɗari ka samu gargani wajen 60, ka rubuta kimanin 1,200. Garken da ya tashi, a rubuta lokaci da inda ya nufa, in ba haka ba za ku sake ƙirga shi a tafki na gaba. Rana ta kasance a bayanku: da safe ku tsaya gabashin ruwa, da yamma yammacinsa, in kun juya baƙaƙen inuwoyi kawai za ku gani.

Akwai kuma aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ke jagoranta. An yanka ƙasa gida-gida, kowane gida wajen kilomita 9 a tsaye da kwance. Ana so ka yi aƙalla awa biyu a gida ɗaya cikin kwana biyar, kana rubuta kowane iri bi da bi yadda ka gan shi. Manhajar BirdLasser ake amfani da ita, ku sauke ta tun a gida don sabis ba tabbas.

Hajiya_Uwar_Tafiya: A kula da tazara kuma. In agwagi sun daina kiwo sun ɗaga kai gaba ɗaya, kun matso da yawa, ku tsaya cak ko ku ja baya. Tsuntsun da zai ƙetare Sahara a Maris kitse yake tarawa, duk tashin banza ragi ne. Farar riga da jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi a bar su a gida.

Kirinjijiya_77: Wani abu da aka manta, zoben da masu bincike ke sa wa tsuntsu a ƙafa. In kun ga galantoyi da zobe a ƙafa ku kafa babban madubi ku karanta haruffan, ku rubuta ƙafar hagu ce ko dama, sama da gwiwa ko ƙasa. Masu zobba kala-kala a karanta daga sama zuwa ƙasa, hagu sannan dama. Masunta da mafarauta kan ajiye zoben ƙarfe da suka samu, a nemi izini a kwafi lambar da sunan garin da ke jiki, a aika wa EURING, ƙungiyar masu sa wa tsuntsaye zobe ta Turai, da rana da wurin da aka samu. Sukan turo bayanin inda aka sa zoben da shekarar.

Sabon_Shiga: Allah ya saka da alheri. Yadda na fahimta, ƙarshen Janairu, kwana ɗaya Baturiya, biyu Dagona da Nguru?

Dan_Kirikasamma: Juya shi. Biyu Baturiya. Kurciyar nan sai da yamma, ƙananan na kan gawo sai da safe, kwana ɗaya ba ya ba ka duka in ka cire tafiya.

Mai_Madubi: Ni da zan ƙara mako ɗaya ya shiga Fabrairu, saboda hazo.

Yar_Gashuwa: Kada ku yanka rana yanzu. Ku kira a farkon Disamba ku ji inda ruwa ya tsaya, ku sake kira bayan mako uku. Bambancin da ke tsakanin amsoshin biyu shi zai nuna muku saurin janyewarsa. In a kira na biyu an ce an fara tura kwalekwale a mashigar Dagona, ku matso da tafiyar farkon Janairu, ku haƙura da adon gargani.

Baba_Masunci: In za ku kira, masunci za ku kira, ba direban tasha ba.